Sunana ne kaɗai ya fito tar a fostar Kawu

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani. Akwai sabuwar reza a jakata, kuma ba don komai na saye ta ba sai don in je in yanke sunana daga jikin wata fosta da ke rataye a bakin titi. Na san za ki ce abin bai kai ya kawo ba. Kowa a gidanmu haka ya ce. Shi ya sa na rubuto miki, ko ke za ki saurare ni har ƙarshe ba tare da kin yi dariya ba.

Bana na gama jami'a, inda na karanci zane-zanen kwamfuta. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, sana'arsa gwada ido da yanka gilashi. Ya daɗe a wani lungu cikin kasuwa, sai bana Allah ya hore masa ya kama babban shago a bakin titi, mai bango guda da ke kallon inda ake jiran mota. Shi ya saya min kwamfutar da na yi karatu da ita. Na faɗa miki tun yanzu don kada ki zaci na manta. Ai ba a bari in manta. Da ya ce in zana masa fostar da za ta rufe bangon nan, wallahi murna na yi. Aikina na farko ke nan da zai bar kwamfuta ya shiga idon jama'a.

Da kaina na je na auna bangon da tef, na sake aunawa. Faɗinsa mita huɗu, tsayinsa biyu da rabi. Na tsallaka titi na tsaya inda masu jiran mota ke tsayawa don in san daga ina za a riƙa karantawa. Dabarar da ta zo min ita ce in yi fostar kamar allon gwajin idon da ke cikin shagonsa. Layin sama sunan shago ne da manyan baƙaƙe, na biyu ya ɗan ragu, haka layi ke bin layi suna ƙanƙancewa har na bakwai, wanda ya ce: "In wannan layin ya gagare ka, shigo mu duba idonka." Na lissafa girman layin nan yadda mai lafiyar ido zai karanta shi daga tsallaken titi ba tare da ya runtse ido ba. Duk armashin fostar a kansa yake.

Bari in yi miki bayanin abu ɗaya, don shi ne tushen rigimar. Hoton waya ƙananan ɗigo ne aka jera. In aka ja shi ya yi girma, ɗigon ne ke kumbura, sai gefen komai ya farfashe. Ni kuwa da manhajar da ake kira bekta na yi aikin. Ita ba ɗigo take ajiyewa ba, layi da lanƙwasa take ajiyewa a matsayin lissafi. Shi ya sa ko girman katin gayyata aka buga ko girman bangon bene, gefen kowane harafi yana nan kamar an yanka da wuƙa. Na saita launuka bisa tawadar injin bugu, don shuɗin kwamfuta daban yake da na leda. Na bar santimita biyar a kowane gefe saboda ninki da zoben ɗauri. Na mayar da rubutun duka zuwa zane, don kada kwamfutar mai bugu ta canza min salon baƙaƙe. Babu abin da malamanmu suka koya mana da na tsallake.

Sai na tura wa Kawu ɗan ƙaramin samfuri a waya don ya ga tsarin. A ƙarƙashinsa na rubuta, kuma saƙon yana nan: "Kawu, wannan na gani ne kawai, ba na bugawa ba." Ya turo murya yana cewa ya yi, Allah ya yi albarka. Na ce ya ɗan dakata, tazarar da ke tsakanin layi na huɗu da na biyar ba ta kwanta min ba, kuma shuɗin ya yi duhu. Ya sake tambaya, na ce kaɗan ya rage. Ya kuma tambaya, na ce saura ƙiris. Ana cikin haka aka kira mu makaranta karɓar takardar shaida, na yi tafiya, na ce masa in na dawo za mu je wurin mai bugu tare da ainihin fayil ɗin.

Ta tagar mota na hango fostar rataye a bangon ranar da na dawo. Anti, ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi.

Ko hoton da na tura ma Kawu bai miƙa wa mai bugu ba. Kwantar da wayarsa ya yi, ya ɗauki hoton fuskar wayar, shi ya kai aka buga. Fuskar waya ta fi bangon tsawo a kwance, sai mai bugu ya matse hoton daga gefe don ya shiga. Gilashin idon da na zana a fostar da'ira sak ya koma ƙwai biyu a tsaye. Gefe da gefe ga baƙin shafi. A kusurwar sama ta dama ga alamar batirin wayar Kawu, girman bulo, ja wur, saura kaɗan ya mutu. Layi uku na sama ana karantawa. Na huɗu dishi-dishi. Daga na biyar zuwa ƙasa kuwa kamar tururuwa ta faɗa tawada ta bi ta kan leda. Na sauka na je na tsaya har hancina ya kusa taɓa fostar, ni da na rubuta layi na bakwai na kasa karanta shi.

Duk wannan da sauƙi. Ni ban sa sunana a zanen ba. Kawu ne ya sa mai bugu ya ƙara wani shafi a ƙasa, da jan rubutu: "Zanen 'yata," sai cikakken sunana, sai "mai digiri a zane," sai lambar wayata. Da yake a kwamfutar mai bugu aka rubuta wannan sabo fil, shi kaɗai ne ya fito tar. A duk mita huɗun nan babu abin da ke karantuwa daga tsallaken titi kamar sunana. Wanda duk ya ga ɓarnar, ba sai ya tambayi wanda ya yi ta ba.

Na shiga shagon. Kawu ya tare ni baki har kunne yana cewa, "Ga mai digiri ta iso, ku ba ta kujera." Mutane cike da benci. Wani direba yana ba da labarin yadda ya tsaya a tsallake ya kasa karanta rabin allon, gabansa ya faɗi, ya ce shi ke nan ido ya tafi, da me zai ciyar da iyali. Kawu ya gwada shi ya ce idonsa ras. Na ja Kawu gefe na ce masa fostar nan ko shaho ba zai karanta ta ba. Sai ya kwashe da dariya ya ce, "To ai shi ya sa suke shigowa. Tun da aka rataya ta bencin nan bai huta ba." Na ce ba aikina ba ne wannan. Ya ce, "Ke kin fiye ƙaƙale, 'yar nan. Bango ne fa, ba littafi ba." Ya juya ya ci gaba da goge gilashi, ko a jikinsa.

Daga nan wurin mai bugu na nufa. Ya ce shi ya faɗa wa Kawu cewa zai yi dishi-dishi, Kawu ya ce wadda ta zana mai digiri ce, a buga kawai. "Malama, mu abin da aka kawo muke bugawa." Na ce to lambar wayata fa, ba da hannunka ka rubuta ta a jikin fostar ba? Me ya hana ka danna ta ka tambaye ni fayil? Sai ya hau sosa ƙeya yana kallon inji. Mutumin da kullum aikinsa ke nan, ya ga alamar batiri girman bulo tana fitowa daga injinsa, ya tsaya yana kallo har ta gama fita.

A gida kuma babu mai tausaya min. Umma cewa ta yi ƙaninta ne, kuma uba ne a gare ni, kada in kuskura in kunyata shi a kan leda. Ta ce wasu suna neman wanda zai yi alfahari da su ba su samu ba. Yayana kuwa ya samu abin yi. Yanzu "likitar ido" yake kirana. In na miƙa masa abu sai ya nisanta shi da fuska ya ce ya ga layi uku na sama, sauran sai ya je wurin Kawu. Wayata ma ba ta huta ba. Wani ya kira takanas ya tambaye ni ko na cire gilashina ne lokacin da nake zanen. Ban ma taɓa sa gilashi ba.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Akwai wani kamfanin tallace-tallace da na nemi aiki, kuma ofishinsu a kan wannan titin yake, tafiyar ƙafa kaɗan daga shagon. Ganawar farko tana tafiya lafiya, har mai kamfanin ya sake duba sunana a takarda, ya ɗago ya ce, "Au, ke ce ta fostar mai gilashi?" Na kusa da shi ya rufe baki da hannu. Na fara bayanin bekta da ɗigo, ni kaina na ji kamar mai kame-kame. Ya ce ba komai, in dawo mako mai zuwa da ayyukana. Kullum da safe ta gaban bangon nan yake wucewa. Mai zane ba shi da abin nunawa sai aikinsa, kuma aikina ɗaya tilo da duniya ta gani shi ne wannan. Ban gaya wa Kawu zancen kamfanin ba. In na buɗe baki a gabansa yanzu, abin da zai fito ba mai daɗi ba ne.

Haushin da nake ji ba na ledar ba ne kaɗai. Na yi shekaru ina koyon abu, na yi shi daidai, na rubuta gargaɗi da Hausa ƙarara, amma aka ɗauke ni yarinyar da ke wasa da kwamfuta. Aka yi abin da aka ga dama, sannan aka liƙa min shi a goshi, kuma ana jiran in ce na gode.

Anti, in yanke sunan in huta, kome zai faru ya faru? Ko in tara su Umma in faɗi abin da ke raina a gaban kowa? Ko kuwa ni ce butulu, in haɗiye in yi shiru aikin ya wuce ni? Ki gaya min gaskiya.

Taki, wadda sunanta ke rataye a bango.

*

'Yata,

Ban yi dariya ba, sai dai a wurin batirin, kuma ki yafe min wannan. Yanzu ki fitar da rezar daga jaka ki ba Umma ta yi yankan zare da ita. In kika yanke sunan, ramin da zai bari ya fi sunan jan ido, kuma Kawunki a bakin 'yan titi zai ji cewa 'yarsa ta gudu daga gare shi. Wannan ciwon ya fi fosta wuyar gyara.

Ke ba butulu ba ce, kuma fushinki yana kan hanya. An buga abin da kika ce kada a buga, an sa sunanki da lambarki a bainar jama'a ba a tambaye ki ba. Kwamfutar da ya saya miki alheri ce, amma ba ta ba shi izinin wannan ba. Mai bugu ma yana da nasa kason, don wanda ya san abu zai lalace bai kamata ya tsaya a faɗa sau ɗaya ba.

Sai dai ki zo mu tsaya a inda Kawu ya tsaya. Mutum ya kama sabon shago, bango fayau babu ko suna, masu wucewa ba su san me ake yi a ciki ba, ita kuma mai zanen tana gyaran tazarar layi na huɗu. Ya tambaya kin ce kaɗan, ya sake kin ce ƙiris, sannan kika yi tafiya. Ba ki ba shi rana ba. Kin ce masa samfurin ba na bugawa ba ne, amma kin gaya masa dalili? Ni kin yi min bayanin ɗigo da layi har na gane. Shi a wurinsa hoto hoto ne, kuma a wayarsa ya gan shi tsaf. Ban ce laifinki ne ba. Na ce ne darasin sana'a ke nan da ba a koyarwa a aji: ki riƙa yanka rana ki cika, ki rubuta "samfuri" ɓaro-ɓaro a tsakiyar duk abin da za ki tura, fayil kuma daga hannunki zuwa hannun mai bugu.

Ga abin da za ki yi, kuma cikin makon nan. Ki ɗauki ainihin fayil ɗin ki sa a buga miki ɗan yanki kawai, layi na shida da na bakwai, a girmansu na gaskiya. Ki je shagon lokacin da benci ya yi sauƙi, ke kaɗai, ba Umma ba Yaya. Kada ki ambaci bekta. Ki roƙi Kawu ya tsallaka titi, ke kuma ki ɗora yankin a jikin fostar, kusa da ɗan'uwansa da ya dagule. Sana'ar mutumin nan ita ce ya sa wa mutum gilashi, ya canza wani, ya ce wanne ya fi. Ki yi masa irin tambayarsa. Wanda ya yi shekaru yana raba dishi-dishi da tar ba zai iya yi wa idonsa ƙarya ba.

In ya dawo, sai ki faɗa masa abu biyu cikin ladabi. Na farko nasa ne. Yau direba ya tsorata ya shigo, an ce idonsa lafiya, ya tafi yana murna. Gobe za a fara cewa mai gilashi da gangan ya rataya allon da ba ya karantuwa don ya tsorata mutane su shigo. Sunan shagonsa yana saman bangon nan, ya fi naki girma. Benci zai cika na ɗan lokaci, amma amanar mai gwada ido in ta taɓu da wuya ta dawo. Na biyu naki ne: ki gaya masa abin da ya faru a kamfanin, yadda kika gaya min, ba ƙari ba zargi. Bai sani ba. Mutumin da ya sa aka rubuta "mai digiri" da jan rubutu ba zai so ya zama shi ne ya tsaya tsakaninki da aikin farko ba. Batun sake bugu kuwa, ku je wurin mai bugu ku biyu, ku tuna masa nasa kason, a daidaita.

Ranar komawa kamfanin, ki tafi da yankin nan, da fayil ɗin, da hoton bangon kamar yadda yake. Kada ki jira a tambaye ki. Ki shimfiɗa su a tebur ki ce ga abin da na zana, ga abin da aka buga, ga abin da na canza a yadda nake aiki don kada ya sake faruwa. Ki tsaya nan, kada ki kushe Kawu. Masu kamfanin talla kullum da irin Kawu suke kwana suke tashi, kuma suna neman wadda ta riga ta gamu da shi ta fita da mutuncinta.

In kuma ya ga yankin ya ce shi dai tsohuwar yake so, bangonsa ne. Sai ki roƙe shi ya bari a rufe shafin sunanki da wani mai ɗauke da lokutan buɗe shago. Wannan haƙƙinki ne, kuma da yardarsa za a yi, da rana tsaka. Amma ban zaci za a kai nan ba.

Kin ce a duk bangon babu abin da ya fito tar sai sunanki, kuma kin faɗe shi a matsayin mafi munin abin da aka yi miki. Ki sake karanta shafin. Kafin sunan akwai kalma biyu, kuma su ne farkon abin da Kawu ya sa aka rubuta a fostar. Bai iya fayil ba, bai iya jira ba, amma ya so duk mai wucewa ya san ke tasa ce. Idan za ki sake tsara fostar, ki cire lambar wayar, ki rage girman rubutun yadda ya dace da idonki na mai zane, amma ki bar masa "Zanen 'yata." Ki dai tabbatar abin da ke samansa ya cancanci a nuna shi da yatsa.

Tazarar layi na huɗu da na biyar kuwa, ki ƙyale ta haka, ta yi.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ba ki aikin nan in alheri ne, ya bar ki da Kawunki lafiya.

Antinku.